Ba a Zamnawa Bisa Mamari

A rubda ciki nake wannan rubutu, takarda a bisa tabarma, matashi a ƙarƙashin haɓa, don haka in kun ga layi ya karkace ku yi mini uzuri. Yau kwana huɗu ke nan rabona da kujera. Tuwo a tsaye, shayi a tsaye, salla kuwa sai da na aika aka tambayo mini liman hukuncin mutumin da ba ya iya zaman tahiya. Liman ya aiko da amsa, ya haɗo da tasa tambayar: wai da gaske ƙugiya bakwai ce?

Uku ce. Gara in faɗi yadda aka yi da bakina, tun kafin taubashina ya kai ta ashirin.

Mu mutanen Takanamat ba mu da wata doguwar hulɗa da jirgin ruwa. Ruwan da muka fi sani yana can ƙasan rijiya, da guga da igiya ake gaisawa da shi. Amma taubashin nawa ya dawo daga ci-rani a Abijan da 'yan kuɗi a aljihu da baki cike da labarin jiragen da ke ƙetare ruwan tsakiyar birni, ya ce hutun ƙarshen Disamba ba zai wuce ba sai mun je Tabalak mun hau jirgi, mu ƙetara tungar masunta mu kwana, mu ci kifi sabon kamu, da safe mu juyo. Mu huɗu ne: ni, shi, wani abokin aikina na lakwal, da ƙanen matata da aka ɗauko don dafa shayi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san Tabalak, ko da da hanci ne. Kimanin kilomita 50 ne daga Tawa, daidai inda ƙamshin soyayyen kifi ke shigowa ta taga tun direba bai kashe mota ba. A 2005 aka sa tafkin cikin jerin dausayin da duniya ta damu da su, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, saboda tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai su zo su yi ɗari a nan. Duk wannan na karanta wa abokan tafiyata a mota. Babu wanda ya tambaye ni.

Ciwon nawa ke nan. Bara na yi horon kwana uku a Tawa kan agajin gaggawa, aka ba ni takardar shaida, tun daga ranar mutanen gidanmu ba su sake hutawa ba. Yaro ya yi tuntuɓe, sai in haska masa ƙwayar ido da tocila. Tsohuwa ta ƙware da hura, kafin ta gama tari na zagaya bayanta na naɗe hannun riga. Na haddace labarin Henry Dunant, mutumin Suwizalan da ya ga dubban sojoji yashe babu mai ba su ko ruwa bayan yaƙin Solferino a 1859, abin da ya kai ga kafa ƙungiyar Croix-Rouge a 1863. Na haddace alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021 kaɗai. Allah ya sani ban yi wa kowa mugun fata ba, amma ina jiran ranar da wani zai faɗi a gabana kamar yadda manomi ke jiran hadari.

Saboda haka da aka ce tafiyar ruwa, kwana biyu na yi ina shiri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Na samo akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, na jera bitadin, auduga, bandeji iri biyu, filasta, safar hannu, almakashi, parasetamol, ma'aunin zafin jiki, maganin zazzaɓin sauro, sabulu, da ƙunshin gishiri da sukari na masu zawo har guda 10. Sannan na danna masa kwaɗo, domin na san halin taubashina: duk abin da ke da sukari a ciki, shayi yake ganinsa. Makullin na sa a aljihun baya na wando, na sa maɓalli. Ku riƙe aljihun nan, za mu dawo kansa. Rigar ruwa ba ta samu ba, sai na ɗaure bido fanko mai lita 25 a ƙirji da igiya biyu, na rataya usur a wuya.

Bayan azahar muka samu jirgi. Na katako ne, siriri, an toshe haɗinsa da tsumma da kwalta, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa ana kwashewa da gwangwanin tumatir. Mai shi dattijo ne marar yawan magana. Ya dubi bidon da ke ƙirjina, ya dubi akwatin, ya dubi sama, bai ce uffan ba. Da wata doguwar sanda yake tuƙi, ya kafa ta a ƙasa ya tura. Mai hankali da ya ga haka zai gane ruwan bai kai ya kawo ba. Ni ina can ina lissafin mutum 300,000.

Ba mu yi nisan jifa biyu daga gaɓa ba na ga lokaci ya yi da zan ba su ƙa'idojin tsaro. Shekara 14 ina koyarwa, kuma duk malamin lakwal ya san magana ba ta fita daidai daga zaune. Na miƙe. Na gyara murya. Na ɗaga yatsa na ce, "Doka ta ɗaya, ba a miƙewa tsaye cikin jirgi."

Jirgin ya riga ɗalibai amsawa. Ya karkata hagu, na bi dama, ya dawo dama, bido ya rinjaye ni gaba, na ja baya don in rama, dugadugaina suka zame a ruwan da ke kwance a ƙasa, na tafi baki ɗaya na zauna daram a kan wani tsohon buhu da ke bayana.

Buhun nan rufi ne aka yi wa kwandon mamari.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai ranar, mamari doguwar igiya ce da aka ɗaura wa ƙugiyoyi ɗaruruwa, kusa-kusa da juna, kowace da 'yar igiyarta. Ba a sa musu tana, ba a sa musu komai. Shimfiɗa shi ake yi a ruwa, tarwaɗa ta zo wucewa ta goga jiki, ƙugiya ta cafke ta duk inda ta samu. Wato mamari ba ya yaudarar kowa da abinci. Wanda ya kawo jikinsa da kansa yake kamawa.

Da farko ban ji komai ba sai wani sanyi-sanyi. Can sai na ji kamar rina uku sun yi shawara sun sauka lokaci ɗaya. Abin da na faɗa a daidai nan shi ne ake saɓani a kansa. Ni dai na san salati na yi. Taubashina ya rantse innata na kira, har sau biyu, da wata murya da ya ce rabonsa da jin ta tun ranar da aka yi mana kaciya.

Na zabura na miƙe. Mamari ya biyo ni, buhu ya biyo mamari, kwando ya biyo buhu. A nan ne mai jirgi ya yi maganarsa ta farko tun da muka haɗu, kuma ba ta shafi lafiyata ba.

"Kak ka motsa! Kana tsinke mani mamari!"

Abokin aikina ya ce a kwantar da ni. Sai dai mai bido a ƙirji ba ya kwanciya kamar mutane. Baya ba hali, gaba kuwa bido ya tokare. Da suka tura ni rubda ciki, ƙirji ya hau bido, goshi ya sauka a katako, gwiwoyi suka kafe a ruwan gwangwani, mazaunai suka dubi sama sosai kamar mai nuna wa tsuntsayen Turai hanya.

"A buɗe akwati," na ce.

"Ina makulli?" in ji taubashi.

Aka yi shiru. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya sanar, da murya irin ta mai shelar ganin wata, cewa ƙugiya ɗaya ta bi ta tsakiyar aljihun, ta ɗinke shi da mai aljihun, makulli na ciki lafiya lau, babu ɓarawon da zai iya kai masa.

Yanzu ga abin da ba zan yafe wa kaina ba. An koya mana cewa in ana cikin hatsari a ruwa a busa usur sau uku. Hannuna ya lalubo usur, na busa. Da ban busa ba, da mutum biyar kaɗai suka san zancen nan, kuma huɗu daga ciki ana iya sayen bakinsu da kifi. Na busa sau uku, da ƙarfi, yadda aka koya mini. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Jirage biyu suka juyo. Mata masu wanki suka miƙe. Wani yaro da bai fi shekara 9 ba ya tako da ƙafa daga gaɓa har inda muke, ruwa iya cibiyarsa, ya dafa gefen jirgi, ya sunkuyo daidai fuskata ya ce, "Baba, bidon ga na saidawa na?"

Aka turo jirgi gaɓa. Fitar da ni ba ta yiwu ba, domin ina haɗe da sauran ƙugiyoyin ɗaruruwa, mai jirgi kuma ya ce duk wanda ya sa wa mamarinsa wuƙa sai sun je gaban sarkin ruwa. Sai aka ja hancin jirgin bisa laka aka bar ni a ciki, kamar kayan da aka baza a kasuwa ana jiran mai taya. Akwatin aka sauke aka aje gefe.

A kan akwatin nan tsohon ya zauna.

Ban ga zuwansa ba. Takalmansa na fara gani, faɗe ne da aka yi wa faci har ya fi na asali yawa, sai gindin sanda, sai bakin wata riga da ta ga shekaru. Ya gyara zama a bisa bitadin ɗina da bandejina, ya ciro goro ya ɓantara, ya dubi lamarin tun daga kwando har zuwa inda igiya ta ƙare. Jama'a suka yi tsit, ka san an ga babba. Ni ma raina ya ɗan kwanta. Na ce ga wanda ya ga jiya ya ga yau, ba mamaki ya cire ƙugiya ɗari a rayuwarsa.

Ya tauna goro. Ya haɗiye. Ya ce, "Ɗana."

"Na'am, Baba."

"Ai ba a zamnawa bisa mamari."

"Na gani, Baba."

"Awo. Ba a zamnawa." Ya ƙara ɓantarar goro. "Tun ina yaro nike bakin ruwan ga, ban taɓa zamnawa bisa mamari ba. Ubana ma, Allah shi jiƙan shi, har yak koma ga Allah bai zamna ba." Ya juya wajen mai jirgi. "Kai, ka taɓa zamnawa?"

"A'a."

"Kai hwa?" ya tambayi wani mai raƙumi.

"Ban taɓa ba."

"To, ka gani," ya ce da ni, cikin tausasawa, kamar wanda ya warware mini wata mas'ala da ta daɗe tana damuna.

Na sha karanta littattafan agaji, ban taɓa cin karo da shawarar da ta kai wannan inganci ba. Babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Ba ta da illa ga mai ciki ko mai shayarwa. Aibinta guda ne, ta makara da minti 20. Kuma tsohon bai yi rowarta ba. Duk wanda ya iso ya ce me ya faru, kafin wani ya buɗe baki ya riga shi: "Zamnawa yay yi bisa mamari. Ga shi kuwa ba a zamnawa." Sai sabon zuwa ya kaɗa kai ya ce gaskiya ne, ba a zama.

Sauran masu shawara ba su kai shi tsabta ba. Wata motar Agadas ta tsaya cin kifi, fasinja suka baro kifin suka gangaro. Karen motar ya ce a zuba man birki, shi da shi yake warkar da komai, har ciwon haƙori. Mai raƙumi ya ce a sa ƙarfe a wuta a ɗora, haka suke yi wa amale, kwana uku ya miƙe. Wata inna mai suya ta ce toka da barkono. Wani ya ce garin taba. Wani ƙato mai rawani ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, a samu mutum huɗu su danne ni, shi zai fizge su kamar ƙaya, har ya fara tuɓe agogo. Wani da ya ce ya yi shekara shida a Libiya ya ce can da na'ura ake cirewa, da aka tambaye shi wace iri ya ce babba. Wani almajiri ya yi mini tofi, shi kaɗai na yi wa godiya da zuciya ɗaya, don nasa maganin bai taɓa fata ba.

Ni kuwa daga ƙasa ina ta ba da darasi. Domin abin haushin, na san amsar. Ƙugiya tana da kunne a bakinta kamar kibiya. Shiga ba ta yi mata wuya, fita ce ba ta yarda da ita. In ka ja ta baya kunnen ya kafe ya yago nama. Hanya biyu aka koya mana. In ba ta nitse sosai ba, a zarga zare mai ƙarfi a lanƙwasarta, a danna gindinta ƙasa don kunnen ya saki, a fizge zaren sau ɗaya da sauri. In ta nitse, a tura ta gaba har kunnen ya ɓullo ta wani wuri, a datse shi da pensa, a zare sauran ta inda ta shiga. In a ido ne, ko wuya, ko gaɓa, ko kusa da babbar jijiya, ba a taɓa ta, sai likita. Ba a zuba man birki. Ba a zuba toka. Ba a wanke ciwo da ruwan tafkin da shanu da raƙuma ke sha suna kashi a bakinsa, don ƙwayar tetanos, ciwon nan da ke dantse wa mutum haƙora ya sandarar da shi, a ƙasa da kashin dabbobi take zama. Duk na faɗa, dalla-dalla, da lamba ɗaya da lamba biyu. Sai dai bakina na manne da bido, abin da ke fita wani gurnani ne kamar ana kiran sa daga cikin rijiya. Inna mai suya ta ce, "Allah sarki, ya hwara sambatu."

Wanzami ba ya son jarfa. Ni da na yi shekara guda ina neman wanda zan tura wa ƙugiya gaba, da na ji taubashi ya ce "to a tura ta gaba ɗin mana", sai na ji ashe ban yarda da wannan babin ba sam.

Aka roƙi tsoho ya ɗaga. Ya ɗaga. Taubashi ya juya akwatin, ya zare wata ƙusa daga maratayin murfin ta baya, akwati ya buɗe, kwaɗo na rataye a gaba yana ta gadinsa. Yadda hannunsa ya saba da ƙusar nan ya ishe ni bayani. Ƙunshin gishiri da sukari saura biyu. Aka fito da auduga, aka fito da bandeji iri biyu, aka fito da ma'aunin zafi, wani ya karɓa yana dubawa a rana. Pensa babu. Na shirya wa zawo, na shirya wa sauro, na shirya wa karaya da suma, na zo wurin da kowane kwando ke cike da ƙugiya ban kawo abin datse waya ba. Aka mayar da murfi, tsoho ya koma ya zauna.

Almakashi ne kaɗai ya samu aiki. Abokin aikina ya ce dole a ga wurin. Wandon shaddata ne na Sallar Layya, sau uku na taɓa sa shi. Ina ji ana yanka, ƙyas, ƙyas, ƙyas, aka buɗe taga mai kusurwa huɗu, iskar hunturu ta shigo ta gaishe ni. Inna mai suya, Allah ya saka mata, ta kwance mayafinta ta ba yara biyu su riƙe a matsayin labule. Suka riƙe ta wajen gaɓa. Ta wajen ruwa kuwa jirage sun zama biyar.

A daidai wannan lokaci na ji ƙanen matata, wanda tun da aka fara bai ce komai ba, ya ɗaga murya da murna ya ce, "Lah! Baba!"

Na sha maimaita wannan daƙiƙa a raina cikin kwana huɗun nan, ta kowace fuska. Motoci nawa ke bin hanyar nan a yini? Cikinsu nawa ke tsayawa a Tabalak? A cikin masu tsayawar, me ya sa sai wadda ta ɗauko surukina daga Abalak, inda ya je sayar da raguna? Mutumin da shekara 11 ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Mutumin da in na hango shi daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ban taɓa bari ya ga ko tafin ƙafata ba. Kuma yaron nan, da ya ga ubansa, me ya hana shi ya ja bakinsa ya ɓuya bayan raƙumi kamar yadda duk mai hankali zai yi?

Jama'a suka buɗa masa hanya. Na ga takalmansa sun tsaya kusa da na tsoho. Na rufe ido, na ce ko zan iya suma. An koya mana alamomin suma guda-guda, amma ba a koya mana yadda ake jawo ta ba.

Dattijo ne na gaske. Ya kafa idonsa can ƙetaren tafki, wajen wasu itatuwa, kamar an aiko shi ƙidaya su. Ya yi gyaran murya.

"Mushe, ina wuni?"

Durƙuso ya wajaba, to amma na riga na wuce durƙuso. Sai na ɗan ƙara sunkuyar da kai, abin da ya ƙara ɗaga ɗaya ɓangaren.

"Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina ɗari?"

"Ɗari lokacinai na." Ta taga yake shigowa.

"Ina aiki?"

"Aiki da godiya."

"Kun baro gida lahiya?"

"Lahiya lau."

Ya ɗan yi jim. Na ce shi ke nan, ya gama, zai tafi. Mutum sama da 40 sun yi tsit, ba ka jin komai sai man kifi na tafasa can nesa da kukan wata balbela. Sai ya ƙarasa gaisuwar, don ba a barin ta guntu.

"Ina labari?"

Da ƙugiya uku a jikina, da taga a wandona, da bido a ƙirji, da usur a wuya, da kwandon wani bawan Allah ɗaure da ni, na buɗe baki na ce, "Sai alheri."

"Madalla," in ji shi.

Wani a cikin jirage ya kasa riƙewa, ya fashe, ya faɗa ruwa. Daga nan gaɓa ta ɗauka. Surukina bai ko murmusa ba, yana nan yana ƙidayar itatuwa. Tsoho ya taɓa shi da sanda.

"Alhaji, surukinka na?"

"Awo."

"Yaron kirki. Ga ladabi. Amma in kun koma gida ka hwaɗa mai, ba a zamnawa bisa mamari."

"In sha Allahu," in ji surukina.

Sauran ba shi da daɗin faɗi. Surukin nawa ne ya sa baki aka yanke 'yan igiyoyi uku aka raba ni da kwando. Mai jirgi ya ce a al'adar ruwa abin da mamari ya kama na mai mamari ne, don haka ban da kuɗin ƙugiya sai an fanshi kamun. Taubashi ya shiga ciniki da gaske, yana kushe kaya, wai ba mai, wai ya kwana biyu, har aka daidaita a jaka guda. Ya biya daga aljihunsa a gaban shaidu, ya ce kowa ya ji, daga yau ba wasan taubasai ba ne, sayena ya yi.

Aka ɗora ni a amalanken jaki, har yanzu a bisa bido, aka kai ni likita. Majo ya yi allurar kashe zafi, ya tura, ya datse, ya zare, sau uku, bai kai minti 15 ba. Ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ya shafa bitadin irin wanda ke cikin akwatina. Ya tambayi rabona da allurar tetanos, na ce tun ina ɗalibi, ya ce ciwo mai datti irin wannan in an wuce shekara 5 sai an sake. Na fara neman inda ya rage, ya ce a'a, wannan a dantse ake yi. Ita ce magana mai daɗi ta farko da na ji a yinin. Ya ce in wurin ya kumbura, ko ya yi ja yana zafi, ko zazzaɓi ya zo, in nemi likita ba tare da jira ba. Ya miƙo mini makullin da ƙugiyoyin a cikin 'yar takarda. Tungar masunta ba mu gan ta ba. Kifin ma su suka ci.

Da magariba aka samo mana wata mota mai buɗaɗɗen baya da za ta Tawa, aka shimfiɗa ni a kan buhunan albasa. Direba ya tayar ke nan na ji ana buga gefen motar da sanda. Tsohon ne. Tun daga bakin ruwa ya tako, yana haki, da alama akwai abin da ya manta bai faɗa ba. Ya kamo hannuna ya riƙe.

"Ɗana."

"Na'am, Baba."

"In ka isa gida, kak ka zamna."

Yau kwana huɗu ke nan ina bin maganarsa.